Ni da Na'urar Hanya a Fadamar Rima

Jiya a tashar nan na ji ɗayanku yana cewa tuƙi ya zama wasa, wai duk inda za ka sai ka danna na'ura ta kai ka har ƙofar gida. Ban tanka ba don ina cin abinci. Yau zan tanka. Sunana Ummaru, a Ƙofar Atiku aka haife ni, kuma na kama sitiyari tun kafin a yaye iyayen wasunku. Na yi tuƙi babu na'ura, na yi da na'ura, kuma na biyun ma sai da na zauna na koye shi kamar yadda na koyi na farkon.

Tafiyata ta farko a bayan gari, bututun rijiyar burtsatse muka ɗauka zuwa wani ƙauye can gaba da Gwadabawa. Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai ya shigo ƙasa, duk inda ka waiwaya a Sakkwato gini ake yi ko ana shimfiɗa kwalta. Ubangidana shi ne Baba Iliya, mutumin Zuru, Kirista, tsohon direban soja da ke haya a Unguwar Rogo. A-kori-kurar wani ɗan kwangila yake ja, ni kuma ina yaron mota. Da kwalta ta ƙare muka shiga rairayi, sai hanya ta rabu uku. Ya taka birki ya kashe mota.

Ya ce, "Ummaru, sauka ka hwaɗa min wacce za mu bi."

Na sauka na duba, na nuna wadda ta fi faɗi. Ya sauko ya kama hannuna ya kai ni bakinta.

"Duba ƙasa. Mi kag gani?"

"Sawun shanu, Baba."

"To wagga burtali ce, mashaya ta nufa. In ka bi ta, a bakin tabki za ka kwana. Zo nan."

Ya kai ni ƙaramar da ke hagu. Akwai sawun keke, da kashin jaki, da tukar rake da 'yan kasuwa suka tofar. Ya ce hanyar gari ke nan, don duk inda mutane ke bi zuwa kasuwa sai sun bar alama.

A wurinsa na koyi tambayar hanya, don ita ma sana'a ce. Ba ka ce wa mutumin ƙauye, "Wannan ce hanyar gari kaza?" Zai ce maka awo, don ba ya so ya kunyata baƙo. Sai dai ka ce, "Ina wagga hanya ta nufa?" ka bar shi ya faɗi sunan da bakinsa. In ya ce kusa ne, ka duba man da ke tankinka. Kuma ba ka dogara da mutum ɗaya, sai ka ƙara gaba ka tambayi na biyu.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma Baba Iliya ba ya tayar da mota sai ya taɓa kowanne da hannunsa: shebur, faffaɗan katako guda biyu da muke shimfiɗa wa taya in ta nutse, igiya mai kauri, jak, famfon taya, faci, jarkar ruwa da jarkar mai. In za mu shiga yashi mai zurfi sai ya sa ni in rage iskar tayoyi, in mun fita kuma in sake bugawa da famfon hannu, rana tana dukan ƙeyata. Masu kaya ba sa son wannan. 'Yan kwangilar wancan zamani sauri suke yi, kowa yana so ya gama wannan aiki ya karɓi wani. Akwai wani da ya zauna a gaban mota yana ta faɗa wai muna ɓata masa lokaci. Baba Iliya ya miƙa masa makulli ya ce, "Alhaji, ga mota, ga hanya." Alhaji bai karɓa ba, muka gama buga taya muka wuce.

Hanyoyin ma a lokacin ba sa zama wuri ɗaya. Inda ka bi bara, bana sai ka tarar an kawo katafila an yanka sabuwa, an bar tsohuwar ta mutu. Ga shingayen soja a bakin gari, a sauke maka kaya kaf a duba, ka sake lodawa. Da kuɗin man ya ja baya kuma, sai taya ta yi wuya, kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Mun yi wata tafiya zuwa Tangaza da tayar da aka ɗinke ta da waya. Daga baya ɗan kwangilar ya sayar da motocinsa, Baba Iliya ya koma Zuru ya kama noma, ni kuma na shiga haya tsakanin Sakkwato da Illela. A nan na yi shekarun ƙarfina.

Gashina ya fara fari lokacin da na samu aiki da wata ƙungiyar lafiya mai kai magani da allurar rigakafi ƙauyuka. Jif suka ba ni, mai aiki da gas. Maganin a cikin akwatin sanyi yake tafiya, da ƙanƙara a gefensa, kuma in ƙanƙarar ta narke kafin ka isa, aikin ranar ya lalace. Ba a daɗe ba aka liƙa wa kowace mota na'urar nuna hanya a gilashin gaba. Ba waya ba ce irin taku, na'ura ce mai zaman kanta, faɗinta kamar tafin hannu, tana karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ta nuna maka inda kake a kan taswira. Muryar mace ce a ciki tana magana da Turanci, shi ya sa direbobi suka sa mata suna Baturiya. Aka ce daga yanzu duk ƙauyen da aka je sai an ajiye wurinsa a cikinta. Tsofaffin direbobi biyu suka ajiye aiki, suka ce ba za su zauna ƙarfe yana ba su umarni ba. Ni na ce ba inda za ni. Wanda ya koyi karanta kashin jaki ba zai kasa koyon wannan ba.

Wadda ta koya mini ita ce Malama Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar da muke fita tare. Iyayenta malaman makaranta ne daga kudancin Kaduna, amma a unguwar Gidan Dahala da ke nan Sakkwato ta tashi. Ni karatun bokona bai wuce haɗa baƙi ba, Turancin Baturiya kuwa sauri gare shi. Sai Malama ta riƙa zama da ni a cikin mota bayan an tashi aiki, tana nuna mini abin da kowane hoto ke nufi.

Ta ce, "Baba Ummaru, kar ka damu da maganarta. Kalli kibiyar nan, kai ne. Kalli layin nan, hanya ce. Sauran duk a hankali za su zo."

Na ce, "To in ta yi ƙarya fa, Malama?"

Ta yi dariya ta ce, "Sai ka kama ta."

Na kuwa kama ta, ba sau ɗaya ba. Fitarmu ta farko da Baturiya zuwa Kware, muna cikin tafiya sai ta faɗo daga gilashi ta bugi giya. Zafin garin nan ya narkar da robar da ke riƙe ta. Na ɗaga ta, ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, fuskarta ta yi baƙi. Washegari na kai wa wani maƙeri ya lanƙwasa mini ƙarfe, na ɗaure ta a ƙasan dashbod inda rana ba ta dukanta kai tsaye amma tana iya ganin sama ta gilashi. In na ajiye mota kuma sai in cire ta in naɗe a tsumma in sa a aljihun ƙofa. Na'urorin abokan aikina da yawa batirinsu ya kumbura a bazarar nan. Tawa ta tsira.

Wata rana kuma za mu wani ƙauye mai suna Tungar Maje a fadamar Rima, na rubuta sunan, ta nuna hanya, na bi. Muka isa wata Tungar Maje, amma ba wadda ke jiranmu ba. Ashe akwai masu wannan suna fiye da ɗaya, kuma wanda ya zana taswirar ɗaya kawai ya sani. Kafin mu juyo mu sami ta gaskiyar, ƙanƙara ta fara zama ruwa, da ƙyar muka tsira da maganin. Daga ranar na daina neman ƙauye da suna. Duk inda muka je, sai in tsaya a ƙofar maigari in danna mata ta ajiye wurin, Malama ta rubuta sunan da mutanen garin ke kiransa da shi. In sabon wuri ne da ban taɓa zuwa ba, kafin in tayar da mota sai in ja taswirar baya in ga dukan hanyar da ta zaɓa, daga farko har ƙarshe. In ta ce gabas alhali na san garin yana arewa, ba na motsawa sai mun daidaita.

Akwai sauran halayenta da sai wanda ya zauna da ita zai sani. Da safe in ka kunna ta, kar ka fizgi mota nan take. Fito da ita fili, nesa da rumfar kwano da inuwar manyan itatuwa, ka ba ta lokaci ta kama tauraro, in ba haka ba za ta nuna ka a inda ka kwana jiya. Tana da zaɓi biyu, hanya mafi kusa da hanya mafi sauri. A cikin gari ba matsala, amma a daji in ka bar ta a kan mafi kusa, za ta tura ka cikin gonar mutane ko kwazazzabo, don ita layi take gani, ba ta ganin rami. Cajarta kuma a ramin kunna taba take shiga, kuma gargadar hanya tana sassauta ta ba ka sani ba, sai dai ka ga ta mutu a tsakiyar daji. Na sa mai gyaran wayar mota ya ɗaure ta da kyau, na kuma riƙa yawo da fis na ajiya. Taswirar cikinta ma tana tsufa. Duk lokacin da aka ce an kawo sabuwa a ofis, ni ne na farko a layi, amma sai na tabbatar an kwashe wuraren da na ajiye an adana kafin a taɓa ta.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne wani abu da sauran direbobi ba su kula da shi ba. Tana iya zana sawun motarka, duk inda ka bi ta ja layi ta ajiye. Malama ce ta nuna mini. Tun daga nan, kowace hanyar daji da na bi da rani, sai in sa ta ta zana. Abokan aikina suna yi mini dariya, wai hanyar da na sani kamar ɗakina mene ne na zana ta.

Sai shekarar ambaliya ta zo. Ba zan manta da ita ba, duk wanda ke fadamar Rima a lokacin ma ba zai manta ba. Gulbi ya cika ya fasa, ya shafe gonakin shinkafa da gero, ya ci gidaje. Garuruwa suka tashi suka koma kan tudu. Gadoji ƙanana suka tafi. Hanyoyin da ke cikin kaina, waɗanda na tara tun zamanin Baba Iliya, suka zama ba su da amfani, don itatuwan da nake gane hanya da su wasu sun faɗi, wasu suna tsaye a tsakiyar ruwa. Taswirar Baturiya ita ma ta zama tsohon labari, tana nuna hanya a inda kwalekwale ke wucewa.

Wata safiya wani manomi mai suna Malam Haliru ya iso ofishinmu, wandonsa jiƙe har cinya. Daga Tungar Maje yake, ta gaskiyar. Ya ce mutanen garinsu sun koma kan wani tudu, kuma amai da gudawa ya ɓarke a cikinsu. Tun asuba ya taso, wani wuri da ƙafa, wani wuri a bayan babur.

Ya ce, "Jiya munka rufe mutum biyu. Akwai wasu kwance. In ba a zo ba yau, ban san abin da za mu iske ba."

Kayan da ake bukata ruwan ƙari ne, katan-katan, masu nauyi, da gishirin da ake haɗa wa masu gudawa a ruwa, da maganin tsabtace ruwan sha. Ba abin da mutum zai ɗauka a ka ba ne, kwalekwalen yankin kuma duk suna can suna kwashe mutane. Shugaban ofis ya tara direbobi ya tambaya ko akwai hanya. Na tambayi Malam Haliru ta ina ya ratso. Ya ce ta kan tsohuwar gingar da aka yi wa masu noman rani, wato doguwar tarin ƙasar nan da ta ratsa fadama. Ruwa ya rufe ta, amma a mafi yawan wurare bai wuce gwiwa ba. Na san gingar nan. Na bi ta da rani, kuma Baturiya ta zana ta. Na kunna na duba, ga layin nan yana nan.

Na ce, "Zan tafi."

Malama Rifkatu ta ce, "Tare za mu."

Muka loda kaya, na ɗora su a kan kujeru da saman mota don kar ruwa ya taɓa su. Da muka bar kwalta muka isa bakin fadama, na tsaya. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganinka, ja kamar kunun kanwa, sai kawunan karan dawa nan da can. Babu alamar ginga ko kaɗan. Faɗinta kuwa bai fi mota da ɗan rara ba, kuma hagu da dama ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gina ta. In taya ɗaya ta zame, motar ta kwanta ke nan da kayan mutane.

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Na'urar tana nuna layi, amma tana iya kuskuren 'yan taku, kuma 'yan takun nan su ne tsakanin ginga da rami. Ba ta kuma san inda ruwa ya yanke gingar ba. Don haka ban ce ta kai ni ba. Na raba aikin uku. Na ce wa Malama ta riƙe ta a hannu, ta ƙara girman taswirar iyakar yadda za ta yi, ta riƙa gaya mini tun da wuri in kwana na zuwa. Malam Haliru ya yanko gora mai tsawo ya shiga gaban mota yana soka ta hagu da dama, yana laluben gefen gingar. Ni kuma na sa giyar ƙarfi, na riƙe totur a wuri ɗaya, idona a kan bayansa.

Haka muka shiga. Ruwa yana bugun ƙasan ƙofa, yana shigowa ta wurin ƙafafuna. Malama tana cewa, "Miƙe, Baba. Miƙe. Nan gaba kaɗan za ta karkata dama." Sai in leƙa in ƙwala wa Malam Haliru, shi kuma ya nemi kwanar da gorarsa. Akwai inda ya rantse gingar ta miƙe, na'ura ta ce ta karya hagu. Na tsayar da mota ban kashe ta ba, na ce ya gwada hagun. Ya soka gora ya ji ƙasa mai tauri. Ya gwada gaban da yake nufi, gorar ta nutse har hannunsa. Ya juyo ya dube mu, ya bi hagu.

Can gaba kuma sai aka yi akasin haka. Malama ta ce layi ya miƙe sarai, amma Malam Haliru ya ɗaga hannu. Ruwa ya ci rabin gingar a wurin, abin da ya rage bai isa tayoyi huɗu ba. Baya ba ta komuwa, don babu wurin juyawa. Na sauka cikin ruwa na taka wurin da ƙafata na ji iyakar ramin. Muka ciro katakon da nake yawo da su, muka kwashe buhunan yashin da manoma suka jera a wata gona kusa, muka cike gurbin, muka danne da katako. Malama ta sauka ita ma, ta ɗaure zanenta, na'urar tana cikin leda a wuyanta, tana miƙo buhu. Da na hau, na ji tayar baya ta hagu ta ɗan zauna, motar ta karkata. Ban ɗaga ƙafa daga totur ba. Ta yi ƙugi ta haye.

Rana ta karkata lokacin da muka hau tudun. Mutane suka taso suka kewaye motar. Maigari ya zo, na gaishe shi, na ce, "Ranka shi daɗe, a ba mu masu sauke kaya." Kafin mu iso an ƙara rasa mutum ɗaya. Sauran marasa lafiyar suna kwance a ƙarƙashin rumfunan kara. Malama ba ta ko sha ruwa ba ta fara aiki, ana rataya ledojin ruwan ƙari a jikin sandunan rumfa. Akwai wata tsohuwa da ake kira Inna Ige, idanunta sun faɗa, ba ta ko iya ɗaga kai. 'Yarta ta ce a bar ta kawai a duba yara. Malama ta ce za a duba yara, ita ma za a duba ta, ta durƙusa tana neman jijiya a hannunta.

Kayan da muka kawo ba za su wuce kwana ɗaya ba. Malama ta ce ita a nan za ta zauna. Ta ciro na'urar daga wuyanta ta miƙo mini.

Ta ce, "Na sa ta ta zana sawunmu na yau. Inda muka gyara ma na yi alama. Za ka iya kai kaɗai?"

Na ce, "Malam Haliru na nan, gorarsa na nan."

Kafin mu juya, na sa matasan garin suka yanko kara masu tsawo. A komawa, duk inda gora ta tabbatar da gefen ginga sai a kafa ɗaya. Da na isa ofis aka kwafi sawun nan aka zuba a na'urorin sauran motoci, na zaunar da direbobin na gaya musu inda za su yarda da layi da inda za su sauka su taka da ƙafa. Washegari mota uku muka shiga a jere, ni a gaba. Muka yi ta wannan jigila har ruwa ya janye, kuma ba motar da ta kwanta.

A zuwana na uku, ina sauke katan sai na ji ana kira, "Direba! Kai direba!" Na waiwaya. Inna Ige ce zaune a bakin rumfa, ta jingina da sanda, filasta na manne a bayan hannunta. Na je na durƙusa na gaishe ta, na tambaye ta jiki.

Ta ce, "Jiki da sauƙi. Kai ne mai zuwa birni kullum?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To duk wanga kaya da kaka kawowa, ba ka ga babu goro a ciki ba?"

Washegari na tsaya a kasuwa kafin in ɗauki hanya, na zaɓo mata fari, manya.